Taku Bakwai Zuwa Kwando

Arzika ya zo hutu daga Birnin Kebbi
da fayafan roba uku a jakar littattafai.
Ya kafa turke a bakin ruwan Yawuri,
bayan rumfar masu banda,
ya ɗaura masa tsohon kwandon kifina a ƙugu,
ya rataya sarƙar keke huɗu daga sama.
Ya ce, "Kaka, ka jefa daga nesa,
ka bi shi, ka sake jefawa,
har ya kwanta a kwando."

Na ce, yaro, shekara arba'in ina watsa birgi,
yau kai ne za ka koya mini jifa?

Jan shi ne ɗan gaye.
Baki siriri kamar wuƙar mahauci,
yana tsaga iska har gindin giginya.
Amma kawo shi taku bakwai gaban kwando
sai girman kai ya motsa:
ya wuce ta gefe kamar bai san kowa ba,
ya faɗi a kan haƙarƙari, ya gangara ruwa.
Sau biyu ɗan Tunau yana tuɓe riga dominsa.

Farin kuwa tauri, murfin samira sak.
Ba ya karkata, ba ya sauraron iska.
Na so shi da farko, na ce ga namiji.
Ya doki sarƙa, ƙwal!
sai ga shi ya dawo gabana,
ɗan aiken da aka daka wa tsawa tun daga zaure.

Shuɗin ban ko dube shi ba.
Ya koɗe, bakinsa dakusasshe,
kare ya bar masa shaidar haƙora uku.
Arzika ya ce gyara aka ba shi
da ya sayi sauran.
Na ɗauka don kada a ce na yi wariya,
sai yatsana ya sami wurin zama a leɓensa
kamar yadda yake samu a igiyar birgi
in dalma ta daidaita.
Na auna shi a tafi. Na yi shiru.

Jifan nesa kowa gwani ne,
fili yana yafe kuskure.
Na kusa shi ke tona asiri,
inda kwando ke kallonka ido cikin ido,
masu gyaran taru sun ajiye allura,
iskar la'asar tana taɓa maka gefen riga
tana cewa, to, mu gani.

Na saki shuɗin.
Bai yi sauri ba. Tafiyar kwalekwale mai kaya.
Ya isa, ya yi sallama,
sarƙa ta ce cas, ta rungume shi,
ya zame ya kwanta.
Tunau ya ce sa'a ce.
Na sake, ya kwanta.
Na uku na tuna ana kallona,
hannu ya yi shawara a tsakiyar hanya,
ya faɗi taku ɗaya kafin turke.
Ban zagi faifai ba.
Na san wanda ya ji tsoro.

Ran da hutu ya ƙare
Arzika ya tattara ja da fari,
ya ce shuɗin ba shi da kasuwa a makaranta.
Na ce bar shi nan, kada ya yi maka nauyi.

Yanzu bayan asuba, kafin gari ya waye,
nakan auna taku bakwai ni kaɗai,
in dai na same shi.
Don Hantsi ta gano girmansa
daidai bakin kwanon kununa,
kuma ta ce aikin da aka yi shi dominsa ke nan.