Mai Faci a Turbar Dutse

Ni mai faci ne a bakin tashar Kwatarkwashi.
Ƙaya ce ke ciyar da gidana,
duk tsinin aduwar da ya shiga taya
malmalar tuwo ce a kwanona.
Amma yau Asabar, tun raɓa ba ta bushe ba,
ga ni da adda da tsohon buhun taki
ina tsince abincina daga kan hanya.

Nomau ya jingina da diga, ya ce,
"Wanga mutum, ka taɓa ganin wanzami
yana roƙa wa gari sanƙo?"
Aka yi dariya. Ban tanka ba.

Mu bakwai ne, in an ƙirga da Cindo,
wanda aikinsa riƙon buta da ba da shawara.
Ba mai biyanmu, ba mai rubuta sunanmu.
Turbar ce dai, wadda yara suka zana da tayoyinsu,
ta hau ta bayan dutse, ta ratsa fako,
ta kewaye gindin ƙirya,
sannan ta sako kai ƙasa kamar an koro ta.

Ruwan Laraba ya yi mana ta'adi.
Ya cinye kwanar nan ta uku,
ya haƙa kwari a tsakiyar gangare
har gwiwar Nomau ta ɓace a ciki.
Arzika magini ya tsuguna, ya shafa ƙasa,
ya ce, "Ba a tarar ruwa gaba da gaba.
Baƙo ne mai fushi, ƙofa ake nuna mai."
Muka yanka masa ƙofa a karkace,
muka jera duwatsu, manya a ƙasa,
marmara a sama, muka daɓe da ƙafa
har zufa ta gama abin da buta ta fara.

A nan ne bara Ɗanladi ya faɗi.
Da rana tsaka aka kawo mini kekensa a kafaɗa,
ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar kwarya a wuta.
Yini ɗaya na miƙe ta.
Shi kuwa wata uku yana hannun maɗori,
kuma har yau, in aka yi kabbara,
hannunsa na dama ba ya kai kunne.
Ina bayansa a sahu. Kullum ina gani.

Shi ke tura baro yanzu, a karkace,
yana zubar da rabin ƙasar a hanya,
ba wanda ya ce ya kawo a karɓa masa.

Da hantsi Hajo mai nono ta sauko,
ta tsaya, ƙwarya bisa kai, tana kallonmu.
"Ashe mutane ke yin ta?
Ni na zaci haka Allah ya ajiye ta."
Ta bar mana ludayi biyu ba ciniki,
Cindo ya sha ɗaya da rabi.

Ba mu gama kwashe kaya ba muka ji ihu daga sama.
Su biyar, riguna cike da iska,
birki na kuka, sarƙa na kaɗawa,
suka sha kwanar kamar da ita aka haife su.
Ko sannu babu.
Na duƙa kan ɗanyar ƙasar da muka daɓe,
na ga sawun tayar baya na uku,
da tabon nan da na toshe da guntun silifa.
Na san aikina ko a turɓaya.

Gabas ta fara haɗe fuska tun azahar.
Arzika ya duba sama, ya duba ƙofar da muka yanka,
ya ce a bar diga a gidansa, kusa ne.

Da la'asar ina zaune a rumfata.
Ba wanda ya turo keke.
Ruwan daron da nake neman huji a ciki
ya kwanta lumui, babu kumfa ko ɗaya,
sai fuskata, da jar ƙasa a gira.