Gwangwanin Gwamma

Ba ta taɓa ƙirga mu ba.
In baƙo ya ce, "Gwamma, ku nawa ne a gidan nan?"
sai ta ce, "Mutum ba tunkiya ba ne,"
ta ci gaba da murza ƙuli.
Kwanuka take ƙirgawa:
goma sha bakwai da dare,
da wani ƙarami mai tsaga a baki
wanda ba na kowa ba ne
sai wanda dare ya kawo.

Tara ta haifa. Biyu ƙasa ta karɓa
tun ba su fidda haƙori ba.
Mu sauran zuwa muka yi:
'ya'yan ƙanenta da ya tafi Libiya bai waiwayo ba,
Laminu da aka ajiye "zuwa bayan salla"
har ya yi gemu a zaurenta,
sai ni, da uwata ta bari
kafin a yi wankan arba'in.

Gidanmu na bayan dutse, a Garin Malam,
inda famfo ke tari kamar tsoho, ba ya kawo komai.
Shekarun da Damagaram ta yi ƙishi
da moɗa ta raba mana ruwa.
Wanda ya wanke hatsi ya sha awaki,
wanda ya wanke mu ya je gindin lalle.
Kafin kiran assalatu take tashe mu,
mu bi ta layi da jarkoki,
tana gaba, zanenta na ƙamshin man gyaɗa,
ko a duhu ba ma ɓata.

Kada wani ya ce waliyyiya ce.
Ta yi shekara huɗu ba ta gaida maƙwabciya
a kan kaza guda.
A Kasuwar Dole 'yan gyaɗa na hango ta
suke fara rantsuwa.
Ta fi son Ilu, kowa ya sani,
ƙanzon tukunya nasa ne har ya yi aure.
In za ta kira ɗaya sai ta bi mu duka:
"Habsu! Mutari! Nana Dije! Kai,
wanda ke kusa dai, miƙo min muciya!"

Ƙarƙashin gadonta akwai gwangwanin madara.
Takardun haihuwarmu ne a ciki, da na lakwal.
Ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba,
amma ba ta taɓa miƙa wa wani ta wani ba.
Ta Mutari gara ta ci kusurwa,
ta Habsu akwai ɗigon goro,
tawa an ninke ta huɗu, kamar laya.

Ranar Talata ta tafi, bayan la'asar,
ta bar gyaɗa a kasko ba a kwashe ba.

Aka zo daga Yamai, daga Arlit, daga Kano,
har tabarmi suka kai bakin titi.
Bayan addu'ar uku muka buɗe gwangwanin.
Kowa ya sami tasa.
Tata ce babu.
Muka yi ta gardama kan shekarunta:
wani ya ce shekarar fara aka haife ta,
wani ya ce ai fara ta zo ba sau ɗaya ba.
A can ƙasa, cikin tsumma,
ƙananan awarwaro biyu,
ko yatsuna uku ba za su shiga ba.
Babu wanda ya tambaya na wa ne.

Da magariba Habsu ta kwashe tuwo.
Na ga ta ɗauko mai tsagar nan,
ta cika shi, ta rufe da faifai,
ta ajiye bakin randa.
Ni kuma na jingina da bango ina bin kawuna da ido,
jikoki, tattaɓa-kunne, waɗanda ban ma san sunansu ba.
Na kai talatin da ɗaya
sai na kama bakina.