Tagar Sardinha

A Porto, hawa na uku, gidan da ke kallon kogin Douro,
akwai tagar da Sardinha ta mallaka shekara goma sha huɗu.
Nan take zama tana harar tsuntsayen teku,
jela na kaɗawa kamar mai ƙirga bashi.

Ban san ranar da ta daina hawa ba.
Wannan ya fi komai ci mini rai.
Na ce tsufa ne, na ce sanyi ne,
na ce mage ai ba a raba ta da ƙiwa.
Ita kuwa ko uffan.
Mage ba ta shelar ciwo, binne shi take
yadda take binne kashinta.

Maƙwabciyata Graciete ce ta gani.
"Amílcar, dubi gashin bayanta ya cukurkuɗe.
Wadda ta daina lasar jikinta,
juyawar ce ke mata zafi."

Likita Eulália ba ta fara da allura ba.
Tambaya ta fara: me take ci, ina take kwana,
tana runtse ido, kunnuwa na kwantawa?
Wa ya bar gidan?
Na ce matata, bara da kaka.
Ta yi shiru.
Ta ɗora tafin hannu a gadon bayan Sardinha
tana bi gaɓa-gaɓa,
har fata ta zabura a wuri guda.
"Nan ne."

Ta ba da maganin rage zafi, ɗigo-ɗigo, ba ta raina shi ba.
Sannan siraran allurai da ba su kai gashin bakin magen kauri ba,
man kifi a abinci, a rage mata ƙiba,
gorar ruwan ɗumi a nannaɗe cikin tsohon tawul,
da tausa da yatsa biyu
kullum kafin a kunna fitila.

Shekara talatin ina tuƙa taragon birni,
hannuna ƙarfe ya sani.
Sai da na koyi sassauci kamar yaro mai koyon rubutu.

Na jera mata akwatunan lemo uku, matakala zuwa taga.
Mako biyar tana wuce su kamar ba ta gani ba.

Yau da sassafe ana yayyafi a kan gada,
na fito da kofin gahawa,
sai ga ta can sama, jela na kaɗawa.
Ko waiwayo na ba ta yi ba.
Na tsaya a bakin ƙofa
har gahawar ta huce.