Kashi Ashirin da Biyar

Ƙafar dama ce.
Ita ke taka keken ɗinki a rumfata ta Aboabo
shekara goma sha tara.
Ita ta aurar da Adiza,
ita ta rufa wa tsohuwa ɗaki da kwano.

Ran Laraba, a mararrabar Anloga,
birki ya ce ba da shi ba,
tirotiro ta rungumi bayan motar katako.
Ban ji ƙara ba.
Na dai hangi takalmina a bakin kwata,
shi kaɗai, yana jirana.

Wata uku a Komfo Anokye,
ƙarfe a cinya, ido a silin.
Yadin sallar mutane ya tsallaka titi
ya koma rumfar Mumuni.
Ban ga laifinsu ba, salla ba ta jiran gurgu.

Sai takardu.
Kofur ya ce bironsa ba ya tafiya sai da mai.
Rahoton likita, sidi ɗari takwas.
Rasidin magani kuwa,
Barira ta kunna gawayi da rabinsu,
ba ta san cewa a wajen mutanen nan
ciwo bai zama ciwo ba sai da hatimi.

Ofishin inshora na Adum, hawa na uku.
Matakala arba'in da biyu, na ƙirga da sanda.
Yarinyar tebur ta yi murmushi,
ta ce in dawo ran Litinin.
Litinin ta haifi Litinin,
na yi wa jikokinta suna.

Likitansu ya lanƙwasa gwiwar, ya sa tef,
yadda nake auna wandon yaro,
ya rubuta: kashi ashirin da biyar.
Ashe ƙashi kan koma kashi.
Na ce, likita, sauran saba'in da biyar ɗin
wanne ne a ciki zai taka min keke?
Ya ce shi ma'auni aka ba shi.

Direban ya zo, Kwadwo Bekoe,
da doya uku da ƙwai a leda,
ya tsuguna a ƙofa yana kuka kamar shi ya karye.
Mai motar dai har yau sunansa na sani.

Shekara biyu da wata huɗu, aka kira mu.
Lauya Opoku ya cire sulusinsa, da haƙƙinsa.
Na biya Alhaji Ɗantani bashin asibiti.
Da canjin na sa wa keken mota ta lantarki.
In an kawo wuta in yi ɗinki,
in an ɗauke in yi tasbihi.

Na sa hannu cewa magana ta ƙare.
Ba a gaya wa ƙafar ba.
Barira ta ce cikin dare, in barci ya yi nauyi,
takan ji ta ƙarƙashin mayafi
tana sama, tana ƙasa,
tana ƙarasa wata riga.