Kumfar Sabulu

A Panteka na koyi fenti,
rumfar Barau, bayan layin masu walda,
inda guduma ke cinye kiran salla
sai ladan ya ƙara murya.
Tsofaffin tukwanen gas ake kawo mana,
tsatsa ta yi musu bayan kada,
in kankare, in goge, in fesa shuɗi,
su fito kamar yau aka haife su.

Akwai kwanon ruwan sabulu a ƙarƙashin benci.
Aikinsa ɗaya: a shafa a wuyan tukunya,
in da huda, kumfa ta tona asiri.
Minti biyu ne, bai kai shan shayi ba.
Amma tukunyar da ta yi kumfa sai masu kilo,
ni kuwa ladana na kan wadda ta fita.
Sai ƙafata ta koyi zagaye benci
ba ta taɓa kwanon ba.

Wata Laraba Ladidi ta zo daga Unguwar Mu'azu,
mai waina, kuɗi ƙulle a gefen mayafi,
kwasar adashi, wata huɗu tana zubi.
Hayaƙin itace ya dafa mata ido.
Ta ƙwanƙwasa tukunya kamar mai zaɓen kankana,
ta ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau?"
Na ce, "Wallahi, Inna, ban ga komai ba."

Ku ɗora maganar nan a kowane sikeli,
ba ƙarya a cikinta ko ta ƙwayar gero.
Harshena ya fita da alwalarsa.
Idona ne na aika wani wuri.

Kwana tara.
Mai Keke Napep ya kawo labari yana neman canji:
rumfa ta tafi, tanda ta tsage,
hannun 'yarta Hajjo, na dama,
yana asibiti naɗe kamar ƙullin alkaki.

Barau ya ce, "Kai yaro, gaibu ka sani?
Rashin sani ya fi dare duhu.
Ci tuwonka."
Na ci. Ya tsaya mini a nan.
Duhu kam duhu ne, ban musa ba,
amma daban da wanda dare ya riska a hanya
da wanda ya hure fitila da bakinsa
don kada ya ga abin da ke cikin ɗaki.

Sati uku ina wanke hannu da kananzir,
shuɗin bai bar ƙasan farce ba.

Da na je, ta shimfiɗa mini tabarma.
Ta ce, "Ƙaddara ce, ɗana, kada ka damu,
ai ka ce ba ka ga komai ba."
Ta miƙo mini maganata wankakkiya, a ninke.
Da zagina ta yi, da na samu wurin tsayawa.
Na ce, "Inna, ban duba ba ne.
Kwanon yana nan. Na san yana nan."

Shiru, har kaza ta ratsa tsakar gida ta dawo.
Ba ta ce Allah ya isa ba.
Ba ta ce na yafe ba.
Ta ce, "To. Yanzu ka sani."

Duk Juma'a ina kai abin da ya samu.
Hajjo ke rubutawa a bayan littafin lissafi,
da hagu,
lambobin na karkace kamar masu jin barci.
Ba na kallon ɗaya hannun, sai na tuna
rashin kallo ne ya kawo mu nan,
sai in kalla.

Kwanon ya hau kan benci yanzu.
Barau na cewa ina ɓata masa kasuwa.
Jiya uku suka yi kumfa.
Na tsaya ina duban ƙananan ƙwayayen nan
suna kumbura, suna fashewa,
kowace da abin da take faɗa
tun can, da ba na tambaya.