Kati Goma Sha Biyu

A firamaren Farin Gada,
ajin da tagarsa ke kallon buhunan kabeji,
na baje kati goma sha biyu a kan benci:
akuya, kaza, jemage, wuƙa,
tumatir, tukunya, kare, jirgin sama
da sauran 'yan rakiya.
Na ce, “Kachollom, haɗa min waɗanda suka dace da juna.
Babu daidai, babu kuskure.”
Ƙarya nake. Takardar da ke kan cinyata
gida biyu gare ta kacal:
yaron da ya tara dabba da dabba,
da wanda bai kai nan ba tukuna.

Shekararta shida, haƙoran gaba sun tafi hutu.
Ta ɗauki akuya, ta ɗora mata wuƙa,
ta kawo tumatir, ta rufe da tukunya.
Na ce, me ya haɗa su?
Ta yi min kallon mai tausayin manya:
“Anti, ba Kirsimeti ba ne?”

Sabi'u da ya biyo bayanta
ya yi tari irin nata sak,
sai dai shi Sallah ya kira shi.

Jemage ne ya wahalar da kowa.
Wata ta riƙe shi minti uku cur,
ta kai shi wajen kaza, ta dawo da shi,
ta nufi kare, ta fasa,
daga ƙarshe ta kifa shi, ta ce barci yake.
Agogona na ƙirga daƙiƙa,
ni kuwa kakata nake ji a kunne:
ba ka ga tsuntsu, ba ka ga dabba.

Suna linzami, in ji mutanen da.
Farfesa Dakyen ma haka ya ce mana a Naraguta,
sai dai shi da majigi da jadawali:
ka ba abu biyu suna ɗaya,
yaro zai ɗaure su tare ko ba su yi kama ba.
Na yarda, don na gani.
Na ga dankali biyu da ba su haɗa kaka ba
suna amsa kira ɗaya a faranti,
wannan na Hausa, wancan na Turawa,
alhali ƙasa ɗaya aka tona.
Garin nan ma an taɓa baje shi a kan benci,
aka yi masa tari biyu,
har yau mai Keke ya san kwanar da zai taka birki
ya ce, “Daga nan sai ki nemi wani.”

Da magariba na koma gida.
Baba na kan kujerarsa ta roba,
wata bakwai ke nan
da shanyewar ɓarin jiki ta share masa sunaye.
Kofi, abin nan. Rediyo, abin nan.
Ya nuna ni,
bakinsa na laluben aljihun da ya huje.
Na jira shi yadda nake jiran yara,
ba a tayawa, haka ƙa'idar take.
Bai zo ba.

Sai Inna ta ajiye masa tiren acca a gwiwa.
Mutumin da ya shekara talatin a ramukan Bukur
yana raba kuza da yashi
ya sunkuya da hannunsa ɗaya mai rai.
Tsakuwa nan, ƙwaya can,
ƙaiƙayi ya hure shi gefe.
Bai san sunan ko ɗaya ba,
bai kuma ɓata ko ɗaya ba.

Na ciro takardar in rubuta,
na rasa gidan da zan sa shi.
Katin jemage ya zamo daga jaka,
ya faɗi a kife kusa da ƙafarsa.
Na bar shi nan, ya yi barcinsa.