Wanda Ruwa Ya Mayar

Mu biyu muka tura jirgi a Lagdo,
ni da wana Irmiya, gari bai waye ba.
Shi ya tsaya addu'a a bakin gaɓa, hula a hannu,
ni ina bayan jirgi ina amai,
bilbil ɗin jiya bai sake ni ba.

Shi ne mai buɗe majami'a ran Lahadi,
mai sharar daɓe da tsintsiyar kaba,
mai ware ushirin kifi tun kafin a kai kasuwa.
Ni kuwa masu bin bashi sun san ƙofata,
Fasto Wangba bai san ta ba.

Iska ta faɗo daga bayan duwatsu,
ruwa ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Taru ya naɗe ƙafarsa.
Sau ɗaya na ji ya kira sunana.

Ni aka tsinta cikin ciyawa da hantsi,
rungume da jarkar mai
wadda ban tuna na kama ba.
Shi sai bayan kwana uku.

Wurin jana'iza ba wanda ya furta,
amma na ji shi a yadda ake miƙo mini hannu:
ruwa ya yi kuskuren ɗauka.
Liyatu, matarsa, ta ajiye mini tuwo,
ba ta dube ni ba.

Na je wa Fasto da dare, ko sallama babu.
Na ce, "In Allah ne mai zaɓe, ya iya zaɓe kuwa?
Ko yaron kasuwa ya san karfasa mai kyau da ruɓaɓɓiya."

Ya daɗe yana gyara lagwanin fitila.
Ya ce, "Ka ga 'yan sarin Garwa,
su danna ciki, su shinshina, su ture ƙanana gefe.
Ka ɗauka haka yake saye?
Shi bai zo da sikeli ba.
Tun ba a datse Binuwai an yi tafkin nan ba,
tun babu Binuwai, tun dorinar farko ba ta yi hamma ba,
ya riga ya kira nasa da suna,
ba don abin da suka yi ba, ba don wanda za su yi ba.
Irmiya ma jinin Almasihu ne ya fanshe shi,
ba tsintsiya ba."

Na ce, "To don me shi ya tafi, ni na rage?"
Ya ce, "Wa ya gaya maka wace gaɓa ce gida?
Sauran kuwa, ni ɗan aike ne,
ba a buɗe mini wasiƙar ba."

Na fito ban gamsu ba.

Shekara huɗu ke nan.
Makullin majami'a na wuyana, a igiyar taru.
Kada ka ce na zama shi:
ran kasuwa ƙamshin bilbil kan ja ni har bakin rumfa,
sau biyu ma na shiga.
Amma akwai wani hannu a ƙeyata,
irin riƙon da ake wa ɗan akuya a cikin jirgi,
ina zillo, ina kuka, bai saki ba.

Wani dare nakan ɗaga murya a tsakiyar tafki,
in ce, Mai Iko, ba ni lissafi.
Ruwa ya yi tsit.
An ce yumɓu ba ya tuhumar maginiya,
ni yumɓu ne mai baki,
ga shi har yau bai fasa ni ba.

Jiya na ɗauki Sila, ɗan marigayin, ya riƙe filafili.
Muna tsaka da ja ya ce,
"Baffa, da kai ne Allah, ran nan wa za ka fitar?"
Na ce masa, karkata hagu, ga dorina can.
Ya karkata. Yana ta kallona,
ban amsa ba.